Dawar Da Ta Yi Albarka A Soba Ta Ƙi Ni A Gumel

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Bara surukina da ke Soba ya ba ni tiya biyu ta ingantaccen irin dawa, gajeren kaura, wanda ya ce shi ya cika masa rumbu. Na shuka a jigawata. Kara ya yi kyau har maƙwabta na tsayawa kallo, amma ruwa ya ɗauke tana shirin fidda kai, ko dami goma ban ɗaure ba. Shin irin zamanin nan ba yaudara ba ce kuwa? Daga wani manomi a Gumel.

AMSA: Allah ya mayar da alheri, Malam. Surukinka bai cuce ka ba, dawar ce aka kai ta inda ba gidanta ba.

Bisa kwatancenka, ina zaton SK 5912 ce, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta yi wa suna SAMSORG 17. Tana haura wata biyar kafin ta nuna. A ƙasar Zazzau ruwan shekara kan kai milimita 1,000, ƙasar kuma na riƙe laima. Ku a Gumel damina gajeruwa ce, ga rairayi da ke shanye ruwa nan take. Ina za ta kai?

Saboda haka ne ba a sakin iri da gwajin wuri ɗaya. Masu bincike kan jera sabon iri kusa da na gargajiya a tashoshi daban-daban, damina fiye da ɗaya, sannan a kai shi gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya amince. Wani irin yakan yi zarra inda ruwa da taki suka wadata, ya faɗi warwas a jigawa. Wani kuwa ba ya cin gasa, amma ko'ina aka kai shi ba ya ba da kunya. Ni dai na biyun nan nake zaɓa wa mai ƙaramin ƙarfi.

Kuma sikeli ba shi ne alƙali na ƙarshe ba. Lokacin ina malamin gona mun taɓa yin gonar gwaji a wani ƙauye, iri biyar. Wanda ya fi nauyi a buhu shi ya zo na ƙarshe a zaɓe. Wata dattijuwa ta ɗauko tuwonsa da ya kwana, ta danna da yatsa, sai ga ruwa ya tsatso. Ta ce, "Ɗan nan, da me zan yi wa jikokina ɗumame?" Maza kuma suka ce karansa bai isa darni ba, balle abincin shanu. Ranar na koma ofis jiki a sanyaye.

A yankinku nemi mai saurin nuna, kamar SAMSORG 45 ko 46. In gero ne, ga SOSAT da Cibiyar Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar a 2000, sai dai zangarniyarsa gajeruwa ce, wanda ya saba da geron zango mai doguwar zangarniya zai ɗan sha wuya wajen ɗaurin dami. A kula da tsuntsu kuma, don gonar da ta riga saura nuna ita suke fara sauka.

Bana ka ware wa sabon irin kunya goma kacal a gefen irinka na gado, ka shuka su rana ɗaya, taki ɗaya. Da kaka ka auna kowanne daban, uwargida ta tuƙa duka biyun, a bar malmala ɗaya-ɗaya ta kwana.