Tsadar gahawa a kasuwar duniya: daga ina, kuma yaushe za ta sauko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa farashin gahawa ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Me ya jawo haka? Manoma ne ke cin ribar, kuma akwai alamar zai sauko?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Mu fara daga bishiyar kanta. Wanda ya dasa gahawa yau sai ya jira shekara uku zuwa huɗu kafin ya tsinki 'ya'yan farko. Shi ya sa idan aka samu ƙarancinta, ba a iya cike giɓin a damina ɗaya.

Kuma noman nata ya taru a hannun ƙasashe kaɗan. Birazil kaɗai na samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya, Biyetnam na biye mata da nau'in robusta, sai irin su Kolombiya, Indonesiya da Habasha. A watan Yulin 2021 sanyi mai ƙona ganye ya faɗa wa gonakin jihar Minas Gerais a Birazil. Ba a gama farfaɗowa ba fari ya kama Biyetnam a 2023 da 2024. Ga kuma hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya, da suka tilasta wa jirage zagayowa ta ƙarshen kudancin Afirka, kwanaki da kuɗin dako suka ƙaru. A Fabrairun 2025 laba ɗaya ta gahawa nau'in arabika, wadda ba ta kai rabin kilo ba, ta haura dala 4 a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba.

Batun riba shi ne ya fi damuna. A New York ake yanke farashin arabika, na robusta kuma a Landan, nesa da gona. Manomi mai 'yar hekta ɗaya ya tsinko jajayen 'ya'yan da hannu, ya shanya, yana juya su da manjagara har su bushe, sannan dillali ya zo da sikeli. Daga nan buhu mai kilo 60 ya wuce hannun manyan 'yan kasuwa irin su Neumann da ECOM, ya kai ga masu gasawa kamar Nestlé da JDE Peet's. Mafi yawan kuɗin a wajen gasawa, tallatawa da sayarwa ake samunsa. Manomin da ya sayar da amfaninsa tun yana kan bishiya saboda bashi, tashin farashin labarinsa kawai ya ji.

Game da saukowa, ina ganin zai sauko, domin tsada na sa manoma ƙara dashe da zuba taki. Sai dai kada ka yi tsammanin ganin sauƙi a shaguna da wuri, tunda kamfanoni na ƙulla cinikin watanni tun kafin kaya su iso. Arabika kuma ba ta jure zafi, kuma yanayi na ƙara ɗumi, don haka hawa da saukar farashi za su ci gaba.

Ka kuma sa ido kan dokar Tarayyar Turai ta 2023, wadda ta hana shigo da gahawar da aka noma a dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020. An ɗage fara aiki da ita, amma idan ta kama, dole kowane buhu ya zo da shaidar ainihin wurin gonarsa a taswira. Babbar gona a Birazil za ta iya wannan cikin sauƙi. Ƙaramin manomi a Habasha ko Uganda kuwa, sai ƙungiyar manoma ko gwamnati ta tallafa masa.