Bishiyar nan mai kama da lema, a Sukutra take

Malam, ka tambaya ko hoton bishiyar gaskiya ne. Ni ma da ɗalibina ya nuna mini a Tudun Wada na ɗauka haɗi ne. Gaskiya ce, in an tsaga ɓawonta jan ƙaro ke fita kamar jini.

Sukutra, inda bishiyar take, tsibiri ne. Wasu na cewa na Somaliya ne saboda kusanci, alhali na Yemen ne. Kashi 37 cikin 100 na nau'o'in tsirransa babu su a ko'ina sai can, wannan na cikin dalilan da suka sa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin gadon duniya a 2008. Abin da ke damuna awaki ne, suna cinye ƙananan bishiyoyin tun suna tsiro.

In zuwa za ka yi, guji Yuni zuwa Satumba saboda iska. Biza da tsaro kuwa, tuntuɓi kamfanin tafiye-tafiye mai rajista.