Amsa ga mai tambayar malloc

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanina na Ringim, na ji muryarka. Ka ce lissafinka yana fitowa daidai a waya, da ka kai shi kwamfutar makaranta sai ya watso maka wata doguwar lamba, wai ko kwamfutar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Ko ban ga aikin ba, na san malloc ka yi, wato umarnin yaren C na neman wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, ka hau tarawa a kai ba ka zuba komai ba.

Shi malloc wuri kawai yake ba ka, ba ya sharewa. Kamar ka ari buhu ne a kasuwar Gujungu, duk guntun da mai shi ya bari a ciki da shi za a auna maka. Sifilin da ka gani a waya sa'a ce. Sabon wurin da na'ura ta miƙo yakan zo a share, amma da an yi free, wato an mayar da wurin, an sake ba ka shi, to sai abin da ka tarar. In kuma lambar taka -842150451 ce, Visual Studio ne, manhajar haɗa shirin kwamfuta, a yanayin gwaji (Debug) da gangan yake cike wurin don ka gane ba ka sa komai ba.

Kana son sifili, yi calloc, shi yana share wurin kafin ya ba ka. In C++ ne, new int, mai ba ka wurin lamba ɗaya, haka tsirara bai sa komai ba, sai ka ƙara masa baka biyu babu komai a ciki, wato new int(), ya zama sifili. Ka sa 5 a ciki, ya zama 5. Jerin lambobi (array) ma tun C++ na 2011 ana iya ba shi lambobinsa nan take.

Kuma don Allah kar wani ya ce min memset, umarnin cike wuri da lamba ɗaya. To, na sifili yana yi, ban hana ba. Amma akwai wanda ya koya mana, ya dage a cike jeri da 1 ta memset. Na ce malam, abin nan baiti-baiti yake cikewa, int kuwa baiti huɗu ne. Ya ce na cika surutu. Aka buga, me ya fito? 16843009! Har yau bai ce min komai ba, makin ma bai mayar min ba. Kai, bar ma wannan zancen.

Ka dai duba ko malloc ya dawo da NULL, wato bai samu wuri ba, kafin ka taɓa wurin. Turo hoton aikin bayan Magariba, cajina ya kusa ƙarewa.