Daga cikina ya fito sai manaja ya ce in je in huta

Tambaya: Salam Anti, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 3 ina aiki a wani kamfanin leda a Kakuri, da cikina ya fito manaja ya kira ni ofis wai in je gida in huta za a neme ni, ƙawata da aka yi wa haka bara har yau shiru. Na ji a rediyo wai gwamnati na zama da 'yan ƙwadago kan gyaran doka, in jira ne ko yaya?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Kar ki jira wallahi. Zaman nan na gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC da ƙungiyar masu kamfanoni NECA an daɗe ana yinsa, dokar ƙwadagon kuma tun ta 1974 ce muke ta ja, har yanzu akwai sashen da ya hana mata aikin dare a masana'anta, kin ga kafin su gama shan shayi a Abuja ɗanki ya shiga firamare.

Amma ko a tsohuwar dokar kina da haƙƙi. Sashe na 54 ya ba ki hutun haihuwa sati 12, shida kafin shida bayan, da aƙalla rabin albashi tunda kin wuce wata shida a wurin, kuma ba a yarda a sallame ki kina cikin hutun ba, in kin dawo ma kina da rabin awa sau biyu a rana na shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin Kaduna wata shida suke samu tun 2019, sai dai wannan bai shafi kamfani ba.

"Je ki huta" ɗin nan da baki shi ne tarkon, gobe sai a ce ke kika daina zuwa. Ki ci gaba da sa hannu a rajista, ki kai takardar asibiti ki ajiye kwafi, in ya nace ki ce ya rubuta miki, nan za ki ga ya fara inda-inda. Ki sanar da wakilin yuniyon ɗinku in akwai, ko da yake mafi yawansu maza ne sai kin matsa. In abin ya ƙi akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa nan Kaduna, ita ke sauraron ƙarar wariya a wurin aiki, ki tafi da takardar ɗaukarki aiki da alat ɗin albashinki na wata ukun ƙarshe.