Amsa ga mai karen da ya ci kitsen layya ya kwanta

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ka ce bayan Sallah karen gadinka ya ci ragowar kitse, washegari ya kama amai ya ƙi abinci, likita ya ce fankiriyas ɗinsa ne ya kumbura, kana tambayar ina abin yake kuma mene ne aikinsa. Na daɗe ina taimaka wa likitan dabbobi, kuma kusan duk bayan layya sai an kawo mana irin wannan.

Fankiriyas wani nama ne mai laushi, ja-ja mai haske, mai reshe biyu. Reshen dama yana manne da farkon ƙaramin hanji, na hagu ya bi ta bayan tumbi ya nufi wajen saifa. Mafi yawansa ruwan narkar da abinci yake haɗawa, wanda ke narkar da kitse da nama da sitaci, ya kuma kashe zafin ruwan tsamin da ke gangarowa daga tumbi. Sinadaran da ke narkar da nama a kulle ake ajiye su, ba sa tashi aiki sai sun shiga hanji. Idan suka tashi tun suna ciki, sai su hau cin naman da ya samar da su. Ciwon ke nan, kuma yana da zafi ƙwarai. Lodin kitse a zama ɗaya ga karen da ya saba da tuwo da ƙanzo yana cikin abubuwan da suka fi tayar da shi. Za ka ga karen ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga ƙugu sama, don cikin ya ɗan saki.

Ɗaya aikin kuwa na wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ke warwatse a cikin fankiriyas ɗin, masu samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. A kan kare ma aka gano alaƙar fankiriyas da suga: a 1889 masu bincike biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare fankiriyas, ya kamu da ciwon suga. Don haka idan karenka ya warke ka ga yana yawan shan ruwa da fitsari yana ramewa, maza a gwada sugansa.

Tunda ka ce akwai mage a gidan, ita lamarinta ya fi ba ni tsoro. Kare galibi bututu biyu ke kai ruwan nan hanji, mage kuwa yawanci ɗaya ne, kuma yana haɗewa da bututun madaciya kafin ya shiga. Shi ya sa kumburin kan haɗa da hanta da hanji lokaci guda. Ba ta cika amai ba, sai dai ta ɓuya ta daina ci, kuma magen da ta kwana biyu uku ba ci, hantarta kan cika da kitse.

Don Allah kada ka ba kowannensu maganin ciwon jiki na mutane. Farasitamol yana kashe mage, ibuprofen yana ɓata wa kare ciki da ƙoda. Ƙarin ruwa, allurar tsayar da amai da ta rage zafi su ne maganin. Da aman ya tsaya, fara ba shi dafaffiyar shinkafa da tsokar kaza marar fata, kaɗan-kaɗan. Idan babu hoton ciki a inda kake, nemi likitan ya tura ka asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na ABU Zariya.