Na Ari Spider-Man a Labarin Zanena, Sai Na Nemi Izini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Shekarata biyu ina zana labarai a gida. Yanzu na haɗa wani mai shafi 24, inda Spider-Man ya yi ɓatan hanya, wata yarinya da na ƙirƙira, mai jin maganar tsuntsaye, ta taimake shi. Da hannuna na zana komai, ban kwafi shafin kowa ba. Ina so in sa shi a intanet, in kuma buga kaɗan in sayar. Ƙawata ta ce muddin na rubuta sunan masu shi a bango, ba laifi. Haka ne? Daga wata mai zane.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki ta so ki da alheri, amma ba haka abin yake ba. Ambaton sunan mai abu ladabi ne, izini kuwa maganarsa daban. In kika ɗauki keken mutum ba da saninsa ba, kika manna takarda a jiki cewa na wane ne, ai mai cigiya kawai kika sauƙaƙa wa aiki.

Zana shi da hannunki ma bai fitar da ke ba. Haƙƙin mallaka bai tsaya kan shafin da aka buga ba, ya haɗa da shi kansa jarumin: kamanninsa, suturarsa, halinsa. Stan Lee da Steve Ditko ne suka fito da Spider-Man a 1962, kamfanin Marvel ke da shi, Disney kuma ta sayi Marvel a 2009. Su ke da ikon cewa a yi sabon labari da shi ko kada a yi. Wanda kike zanawa a littafinki don koyo, ki yi ta yi, duk da haka muka koya. Matsalar tana farawa ne ranar da kika fitar wa duniya, ta kuma ƙaru ranar da kuɗi ya shigo.

Na san za ki ce intanet cike take da irin wannan. Gaskiya ne, kawar da kai ake yi. A Tokyo akwai taron Comiket da ake yi tun 1975, inda dubban masu zane ke sayar da labaran da suka yi da jaruman wasu, kamfanoni na gani suna shiru saboda abin yana ƙara musu masoya. Sai dai mai kawar da kai yana iya waiwayowa duk ranar da ya ga dama. A 1971 wasu masu zane a Amurka, da suke kiran kansu Air Pirates, sun zana Mickey Mouse yana shaye-shaye da batsa, suka ce shaguɓe ne. Disney ta maka su a kotu, a 1978 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sun ɗiba fiye da abin da shaguɓe ke buƙata. Dokar Amurka tana da rangwame ga suka da shaguɓe, ana duba manufar aikin, yawan abin da aka ɗauka, da ko ya taɓa kasuwar mai shi. Amma alƙali ne ke yanke wannan, bayan an riga an yi ƙarar ki. Labarinki kuma ba ya sukar Spider-Man, aronsa kawai kika yi.

Akwai jaruman da wa'adinsu ya ƙare, suka zama na kowa. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886, ta tanadi aƙalla shekara 50 bayan mutuwar mai aiki, ƙasashe da yawa sun mai da shi 70. A Amurka tsofaffin ayyuka shekara 95 suke samu daga bugawa, shi ya sa Mickey na 1928 ya kuɓuta ranar 1 ga Janairu 2024, Popeye na 1929 ya biyo baya a 2025. A lura, wannan tsohuwar siffar ce kaɗai, kuma a can ne kaɗai. Tintin na farko ya kuɓuta a Amurka, amma Hergé, wanda ya ƙirƙire shi, a 1983 ya rasu, don haka a Turai sai ƙarshen 2053. Tambarin kasuwanci kuma ba ya mutuwa muddin ana sabunta shi. Spider-Man ɗinki a Amurka sai 2058, ban ga kina da wannan haƙurin ba.

Inda maganar ƙawarki ta zama gaskiya shi ne wurin masu ba da izini tun farko da lasisin Creative Commons, wato rubutaccen izini ga kowa ya yi amfani da aikinsu bisa sharuɗɗa. David Revoy, Bafaranshe mai zana labarin Pepper&Carrot, ya yarda a sauya aikinsa, a fassara, har a sayar, sharaɗin dai a ambace shi. Ki karanta lasisin kowane da kyau, wasu sun hana sayarwa.

In kuma na ɗan'uwanki ƙaramin mai zane ne, ki rubuta masa: wane jarumi, shafi nawa, ina za a sa, za a sayar ko a'a. Ki adana amsarsa a rubuce. In ya yi shiru, bai yarda ba ke nan. Ni kaina na taɓa ganin wani tsoho mai gemu da na ƙirƙira a bangon littafin wasu, an ma sauya masa hanci. Da sun tambaya da na ba su kyauta, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ga shawarata. Marubuci Alan Moore ya so ya yi labari da jaruman da kamfanin labaran zane na DC ya saya daga kamfanin Charlton, aka hana shi. Shi da mai zane Dave Gibbons suka ƙirƙiri nasu jaruman, labarinsu mai suna Watchmen ya fito a 1986. Ki duba aikin da Spider-Man yake yi a labarinki: baƙo ne mai ƙarfi da ya ɓata. Ki gina naki baƙon tun daga tushe, sauya launin riga kaɗai ba zai isa ba. Ni dai yarinyar nan mai jin maganar tsuntsaye ce ta tsaya min a rai. In kin sake shafi biyar na farko, ki turo min in gani.