Shin a sayar wa 'yan kasuwa hukumar ruwa?

Tambaya: Famfon unguwarmu ya daɗe a bushe, wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa. Wasu na cewa gara a sayar da hukumar ruwa ta jiha ga kamfani, kamar yadda aka yi da wutar lantarki. Hakan zai kawo mana ruwa?

Amsa: Malam, ni dai ba na goyon bayan a sayar ɗungurungum. Ingila ta yi haka a 1989, zamanin Firaminista Margaret Thatcher. Yau kamfanin Thames Water da ke shayar da Landan bashi ya yi masa katutu, ana ta cin tararsa kan malalar da ruwan ƙazanta cikin koguna. Idan layin waya ya ɓata maka rai sai ka sauya wani. Bututun ruwa kuwa ɗaya ne ke shigowa gidanka, duk wanda ya mallake shi ba shi da abokin gasa.

Abin da ya fi cancanta mu duba yana nan maƙwabta. A 2001 Nijar ta raba aikin ruwa gida biyu. Matatun ruwa, tankuna da manyan bututu suka zauna hannun kamfanin SPEN, mallakar gwamnati. Aka ba wani kamfani mai suna SEEN, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi tsoka a ciki, hayar aikin yau da gobe: tace ruwa, gyaran bututu, karanta mita da karɓar kuɗi. Farashi kuma gwamnati ke yankewa. Gidaje da yawa a Yamai, Maraɗi da Damagaram sun samu famfo a wannan tsari. Da wa'adi ya cika a ƙarshen 2023, gwamnati ba ta sabunta ba, ta miƙa aikin ga nata kamfanin, NDE. Ta iya yin hakan ne don kayan ba su taɓa barin hannunta ba. Gana ma ta sallami Aqua Vitens Rand, kamfanin da ta ba aikin tafiyar da ruwan biranenta, a 2011 bayan shekara biyar.

Ciwon hukumominmu sananne ne: babu wutar tura ruwa, bututu na yoyo a ƙarƙashin titi, gidaje ba mita, ma'aikatun gwamnati ba sa biyan nasu kuɗin. Kamfani zai iya gyara karɓar kuɗi da wuri, domin nan ribarsa take. Amma ba zai ja bututu zuwa unguwar talakawa irin taku ba sai an rubuta masa cikin yarjejeniya, da yawan gidaje, da wa'adi, da tarar da zai biya idan ya gaza.